Ruwan Zafi na Baden-Baden: Wa Ya Hura Masa Wuta?

A kudu maso yammacin Jamus, a yankin da ya yi suna wajen noman inabi, akwai garin Baden-Baden. Tun zamanin Rumawa ake wanka a maɓuɓɓugansa masu zafi. Masu shirya taruka sukan zaɓe shi domin mahalarta su warware gajiya bayan an tashi daga zama. A can ne ma aka yi babban taron Olamfik na 1981.

Ruwan wasu maɓuɓɓugan yakan kai digiri 68 a ma'aunin Selsiyos. Asalinsa ruwan sama ne da ya nutse ta tsagogin duwatsu har zurfin kimanin mita 2,000. Ƙasa kuwa, duk mita 100 da aka nutsa cikinta, zafinta yakan ƙaru da kusan digiri 3. Sai ɗalibi ya buga lissafin da kansa: digiri 60 ke nan, ban da ɗumin saman ƙasa. Daga nan matsi ke turo ruwan sama, ɗauke da gishirin da ya narkar a hanya.

Sai an bari ya huce ake shiga. Ɗuminsa yana buɗe jijiyoyin jini na fata, tsoka ta saki, matsin jini ya sauka. To, a nan gizo ke saƙar: barasa ma buɗe jijiyoyin take yi. Wanda ya sha giyar inabi sannan ya shiga wanka, jinin da ke isa ƙwaƙwalwarsa yana iya raguwa, jiri ya ɗebe shi, har ya suma a cikin ruwa.