Gigin Tsufa: Dokar Jihar Teksas da Hukuncin Neman Magani da Dukiyar Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi wa ɗan Adam baiwar hankali, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata doka da aka kafa a Jihar Teksas ta ƙasar Amurka. A cikin shekarar 1447 ta Hijira, ranar 4 ga Nuwamba 2025, jama'ar jihar suka jefa ƙuri'ar amincewa da gyaran tsarin mulkinsu, domin a keɓe dala miliyan 3,000 daga baitulmalin jihar a kafa cibiyar bincike da rigakafin gigin tsufa, watau cutar mantuwa, da danginta irin su ciwon Parkinson. Majalisar dokokin jihar ce ta fara zartar da dokar, aka tsara a riƙa raba kuɗin cikin shekara 10. Sun yi koyi ne da cibiyar binciken ciwon daji wadda suka kafa ta wannan hanya a 2007. Waɗansu sun ƙi goyon baya, suna cewa nauyi ne aka ƙara wa masu biyan haraji.

To, mene ne wannan ciwo? Lalacewa ce da ke kama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya mance sunan 'ya'yansa, ya ɓace a unguwar da aka haife shi, ya kasa sanin ko ya yi salla ko bai yi ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, kuma shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya nuna ana mayar da waɗansu mutane zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, sanin da suke da shi ya gushe. Ya kuma tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsarin Allah daga kai wa ga wannan hali.

A nan ne mai karatu zai iya tambaya. Hadisin Usamatu bn Shariku ya yi umurni da neman magani, ya nuna kowace cuta tana da maganinta ban da tsufa. Shin ba ɓarnar dukiya ba ce a nemi maganin abin da ba shi da magani? Amsa ita ce, tsufa dabam, gigin tsufa dabam. Da shi ne tsufan kansa, da duk wanda ya yi furfura ya gigice. Amma ga tsofaffi nan masu shekara 90 suna tilawar Alƙur'ani da ka, suna yanke shawara a cikin zuriyarsu. Saboda haka ciwo ne da ke samun waɗansu ya bar waɗansu, hukuncinsa kuwa hukuncin sauran cututtuka ne. Rashin gano maganinsa har yanzu dalili ne na ƙara bincike, domin wani hadisin ya nuna akwai maganin da waɗansu suka sani, waɗansu suka jahilta.

Game da ɗaukar nauyin aikin da dukiyar jama'a, malamai sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Imamu Gazali kuma ya sanya ilmin likita cikin farillan kifaya, watau wanda idan babu mai yinsa duk al'umma ta yi laifi. Bincike irin wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, yana bukatar shekaru da kayan aiki da ƙwararru, don haka nauyinsa yana komawa kan shugabanni da mawadata. Magabata sun yi haka. Sarki Nuruddini ya gina asibiti a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawuna ya gina nasa a Alƙahira a 1284 ya tsayar masa da waƙafi, ana duba marasa lafiya kyauta, har da masu ciwon hankali. Sharaɗi dai shi ne a riƙe kuɗin da amana, kada a tauye abin da ya fi shi gaggawa.

Rigakafi kuwa ba sai an jira hukuma ba. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa akwai abubuwa 14 waɗanda in an magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, shan giya, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwa a kai, ƙarancin ilmi tun yarinta, da zaman kaɗaici. Mai hankali zai lura cewa barin kayan maye, da neman ilmi, da tafiya masallaci, da sada zumunci, duk abubuwa ne da addini ya riga ya yi horo da su.

Wanda ciwon ya riga ya kama kuma yana da haƙƙoƙi. Idan hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, babu salla ko azumi a kansa, ba a kuma kama shi da maganar da ya furta. Sayarwarsa da kyautarsa da sakinsa ba su zartuwa a wannan hali, sai a tsayar da waliyyi amintacce ya kula da dukiyarsa. Haramun ne magada su yi amfani da gigin mahaifinsu su sa ya dangwala hannu a takardar gida ko gona. Haka nan babban zalunci ne a jefi tsohuwa da maita don tana sambatu ko tana fita da dare. Asibiti ya kamata a kai ta. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana nuna wa iyaye ko da ƙosawa idan sun tsufa, balle kora ko duka. Ɗan da ake yi wa tambaya ɗaya sau goma a yini ya tuna shi ma ya yi wa mahaifiyarsa haka yana ƙarami, ta kuwa amsa masa da murmushi.

Allah Ya kiyaye hankulan bayinsa, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri. Allah Shi ne mafi sani.