Suyar Fukafukan Kaza: Darasi a kan Insha'in Bayani

1.0 Gabatarwa

Insha'in bayani shi ne rubutun da ke nuna yadda ake aiwatar da wani aiki daki-daki, har mai karatu ya iya yin sa da kansa. A wannan darasi an ɗauki suyar fukafukan kaza a gida a matsayin misali, domin aiki ne da ke lalacewa da zarar an saɓa jerin matakansa.

2.0 Matsayin Fuffuke a Girki

A gidan Bahaushe akan soya kaza ne gaba ɗayanta bayan an yayyanka, kuma ba a ɗauki fuffuke a bakin komai ba idan aka kwatanta shi da cinya ko ƙirji. Ware fukafukai a soya su kaɗai ya shahara ne daga birnin Buffalo na Amurka a shekarar 1964. Abin da ya sa suka dace da suya shi ne fatarsu na da yawa, naman kuma kaɗan ne.

3.0 Dalilin Soyuwar Fata

Ruwa shi ne babban abin da ke hana fata yin ƙayau. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, kuma muddin yana jikin fata, ba za ta yi ja ba. Saboda haka kowane mataki na wannan aiki ƙoƙari ne na raba fata da danshi.

4.0 Matakan Aiki

i. A wanke fukafukai, a raba kowanne a gaɓa.
ii. A sulala su da gishiri da citta da tafarnuwa da albasa.
iii. A tsame su a zuba a kwando su tsane, su sha iska har fatar ta bushe.
iv. A barbaɗa musu garin masara mai laushi kaɗan.
v. A ɗora man gyaɗa a kasko ya yi zafi, kimanin digiri 175.
vi. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin cika kasko yana sanyaya mai, naman ya sha shi.
vii. A kwashe idan sun yi ja, su huce, sannan a mayar da su cikin mai na ɗan lokaci, kamar yadda masu girkin Koriya ta Kudu ke yi.
viii. A barbaɗa yaji, kada a rufe su da zafinsu, domin tururi zai mayar da fatar laushi.

Wajibi ne a tabbatar cikin naman ya nuna, wato zafinsa ya kai digiri 74, saboda kazar da ba ta nuna ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke haddasa amai da gudawa.

5.0 Abin Lura ga Malami

Da farko, kowane aikatau a nan yana da ma'anarsa. Sulala dabam take da dafa, haka nan tsame dabam take da tsane. Ɗalibin da ya musanya su ya ɓatar da mai karatu. Na biyu, siffofi irin su soyu da dafu da gasu suna cikin giredi na 7 a rabe-raben Parsons na 1960, kuma suna nuna cewa aikin ya kammalu sarai. Na uku, amsa-kama irin su ƙayau da ƙamas da jawur su ke kawo kamannin abincin a idon mai karatu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsarin rubutun yana bin tsarin aikin ne sau da ƙafa. Idan aka gabatar da suya kafin tsanewa, girki da insha'i duka sun ɓaci.

7.0 Jinga

1. Bambanta ma'anar soya da toya da gasa da babbaka, tare da misalai cikin jimloli.
2. Rubuta insha'in bayani a kan yadda ake dambun nama, ka ja layi a ƙarƙashin kowane amsa-kama.