Infoman da ke cikin aljihu

"Barista, wallahi bindigar ba tasa ba ce, ta kawunsa ce." Da wannan maganar wata dattijuwa ta buɗe baki a ofishina, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Ɗanta ya je ƙauye biki, ya rataya bindigar farauta mai baki biyu, aka ɗauke shi hoto yana ɗage gira, ya ɗora a WhatsApp. Hoton ya bi hannu hannu har ya isa inda bai zata ba. Ranar da ta zo, kwanansa huɗu a tsare.

Na ce mata, "Hajiya, ko ta wane ce, a hannunsa aka gan ta." Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Manyan na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Irin ta kawun nan, lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta ɗure, wadda mafarauta ke cusa wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta cewa a kanta. Lasisin kuma na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a gado kamar gona. Dokar fashi da makami kuwa ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Yaron ya fita da ƙyar, bayan kawun ya zo da takardunsa, shi ma da nasa guntun kashin a gindi.

Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ɗan kasuwa da aka ɗauke masa ƙane. Da masu garkuwar suka kira, ya fara rantsuwar ba shi da komai, sai suka lissafo masa motar da ya saya, da makarantar 'ya'yansa, da ranar da ya dawo Umara. Ya yi ta zargin maƙwabta da yaran shago. Muka zauna muka bi shafinsa na Facebook, sai ga komai a jere, har lambar motar ta fito ɓaro-ɓaro a hoton "Alhamdulillah". A Zamfara da Katsina kowa ya san ɓarnar infoma, har ana cewa ya fi mai bindigar illa. To wani infoman mu muke yi masa caji kullum dare.

Shi ya sa ban yarda a raba zancen bindiga da na sirrin bayanai ba. Ko Amurka, inda kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, sun ɗanɗana. A Disamban 2012, bayan kisan yara 20 a makarantar Sandy Hook, wata jarida a jihar New York ta wallafa taswirar gidajen masu lasisin ƙaramar bindiga, suna da adireshi. Aka yi mata ca, domin ta nuna wa ɓarawo gidan da zai sami makami da gidan da babu. A Yunin 2022 kuma ma'aikatar shari'ar California ta saki bayanan masu izinin yawo da bindiga a intanet bisa kuskure. A wannan watan ne kuma gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu. Ni ina goyon bayan a san kowace bindiga da mai ita, amma wanda zai tara irin wannan rajista sai ya fara gaya mana a wace durowa za ta kwana, kuma wa ke riƙe da makulli.

Muna da doka yanzu. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar tambayar duk wanda ya karɓi bayananka me zai yi da su, ka janye amincewarka, ka nemi a goge. Idan bayanan suka tsiyaye ta yadda za su cutar da kai, awa 72 gare shi ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. Kaɗan ne cikin masu zuwa wurina suka taɓa jin labarin dokar.

Sauran aikin namu ne. Hoton tafiya, a bari sai an dawo. Rigar makarantar yaro mai tambari, a rufe. Alat ɗin banki ba abin ado ba ne. Idan an kai katin NIN shagon fotokofi, a karɓo har wanda ya lalace. Makon jiya na sayi ƙosai a bakin kotu, da na warware takardar sai ga hoton wani bawan Allah, da lambarsa ta NIN, da sunan unguwarsu, mai ya jiƙa rabin fuskarsa.