Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar Tsibirin Innisfree

Malama Hadiza daga Zariya ta tambaya: shin waƙar W.B. Yeats kan tsibirin Innisfree waƙar gudun duniya ce?

To Malama Hadiza, mun gode. Yeats ɗan ƙasar Ailan ne, ya rubuta waƙar a 1888 yana zaune a Landan. Shi da kansa ya ce ƙarar ruwan wani ɗan famfo a tagar kanti ce ta tuna masa da tafkin Gill da tsibirin ke cikinsa, a yankin Sligo, inda ya yi ƙuruciya. Saboda haka Innisfree waƙar mazaunin birni ce mai begen gida. A baitocinta uku mawaƙin yana ta ƙudurin tafiya, ya gina bukka, ya shuka wake, ya kiwata zuma, amma baitin ƙarshe ya same shi tsaye a kan titi.

Wani zai ce ai wannan ma gudun duniya ne, ko da a zuci. Amma mai gudu ba ya tsara noma. Yeats ya san labarin Thoreau, Ba'amurken da ya zauna shi kaɗai a bakin tafki yana ci da guminsa, kuma irin wannan zaman na aiki yake kwaɗayi.