Gyaran Fuskar Tangaran Kafin Manna Shi a Haƙori: Darasi Daga Buƙatar Majinyatan Yankin Falgore

1.0 Gabatarwa

Majinyacin da ya taso daga Doguwa ko Tudun Wada, a yankin dajin Falgore, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin a sanya masa hular haƙori ta tangaran, yakan sha doguwar tafiya da kashe kuɗi. Idan hular ta ɓalle bayan 'yan watanni, aiki ya koma ɗanye. Ƙarkon mannin ya dogara ne ƙwarai kan yadda aka gyara cikin hular kafin a shafa gam, shi kuwa gyaran yana bin nau'in tangaran ɗin ne.

2.0 Tangaran Mai Gilashi

Tun a 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa asid yana sa farin saman haƙori ya yi kaushi, gam ya sami makama. A 1983 aka faɗaɗa dabarar zuwa tangaran. Nau'in da ke ɗauke da silika, kamar litiyam disiliket, ana shafa masa asid ɗin haidirofulorik mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa 20, sannan a wanke. Asid ɗin yakan cinye ɓangaren gilashin, ya bar ƙananan ramuka. Daga nan sai a shafa silan, sinadarin da ke ƙulla silika da gam. Wannan asid yana ƙona nama, saboda haka a wajen baki ake yin aikin.

3.0 Zirkoniya

Zirkoniya ba ta da gilashi, don haka asid ɗin ba ya tasiri a kanta. Ana fesa mata garin alumina mai girman maikiron 50 da iska marar ƙarfi sosai, gudun tsagewa, sannan a shafa sinadarin MDP. Binciken Kern da Wegner na 1998 ya nuna cewa gam mai MDP ya ci gaba da riƙe zirkoniya bayan daɗewa cikin ruwa. Miyau da ya taɓa hular lokacin gwaji yana raunana mannin, kuma wanke ta da asid ɗin fosforik ba ya magance matsalar, domin fosfet yakan tare gurbin da MDP zai kama.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne likita ya tabbatar da nau'in tangaran daga mai haɗa haƙori kafin ya zaɓi gyara. Daƙiƙu kaɗan na kulawa a asibiti su ne ke hutar da majinyacin Falgore sake hawa mota zuwa Kano.