Darasin Mako: Shara Ba Ta Zama Kuɗi Sai An Ware Ta

Darasinmu na wannan mako ya shafi abubuwan da muke takawa kullum a hanyar zuwa aji: ledar ruwa, gorar lemo, gwangwani, takarda da ɓawon rake. Mun saba kiran su da suna ɗaya, wato shara. Amma ɗan jari-bola ya san kowannensu da kasuwarsa. Idan suka cakuɗe a juji, ƙazanta ce. Idan aka ware kowanne gefe guda, haja ce da ake ɗorawa a sikeli.

Me ake nufi da sake sarrafa shara?

Shi ne a ɗauki abin da aka gama amfani da shi a mayar da shi wani sabon abu mai amfani. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun yi fitilar aci-balbal da gwangwanin madara, sun yi guga da tsohon tif na mota, sun yi takalmi da taya. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar sharar gari da jakuna suna kaiwa gona a matsayin taki. Abin da ya sauya shi ne shigowar leda da roba. Su ba sa ruɓewa kamar kara ko ganye. Suna toshe magudanan ruwa har ambaliya ta shiga gidaje da damina, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa. Akuya ko saniya ta ci leda ta cunkushe mata ciki, ta rame, wani lokaci ta mutu. Idan kuma aka ƙona ta, hayaƙinta guba ne ga huhu.

Kashe-kashen shara da inda kowanne ke zuwa

1. Mai ruɓewa: ragowar abinci, ɓawon 'ya'yan itace, ganye da kashin dabbobi. Ana tara su a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku su zama taki.

2. Roba: ku duba gindin gorar ruwa, za ku ga alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo. Ana niƙa ta a yi zaren da ake cusawa a matashin kai, ko a sake yin wata gorar. Lamba 2 ita ce roba mai kauri irin ta jarka. Ledar ruwa kuwa galibi dangin lamba 4 ce, ana narka ta a yi baƙar leda da wasu kayan roba. Kowane iri da zafin da yake narkewa, shi ya sa mai saye ba ya son a haɗa masa su.

3. Ƙarfe da gwangwani: gwangwanin lemo alminiyam ne, shi maƙera ke narkawa su zuba tukwane da ludayi. Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake bukata wajen samar da sabo daga ma'adini.

4. Takarda da kwali: ana jiƙa su a dama a yi kiret ɗin ƙwai. Sai dai kwalin da ya sha mai ko miya ya riga ya lalace, ba mai saye.

Matasan da suka mayar da abin sana'a

A Legas, wata matashiya mai suna Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa kamfanin Wecyclers a shekarar 2012. Ta lura motar shara ba ta iya shiga lungunan unguwannin talakawa, sai ta yi amfani da kekuna masu ɗaukar kaya. Gidan da ya ware gorori da leda ana auna masa, a tura masa maki ta saƙon waya, daga baya ya musanya makin da kayan amfanin gida.

A Nairobi ta ƙasar Kenya, Nzambi Matee ta kafa Gjenge Makers, inda ake gauraya niƙaƙƙiyar roba da yashi, a gasa, a matse, a fitar da tubalin shimfiɗa a tsakar gida da hanya. A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta cikin matasan gwarazan muhalli.

A nan gida kuma, a 2011 an gina gida a Sabon Yelwa kusa da Kaduna da dubban gororin ruwa. An cika su da yashi, aka jera kamar bulo, aka ɗaure da igiya, aka shafe.

Ku lura da abin da ya haɗa su. Kowannensu ya zaɓi irin sharar da zai yi aiki da ita, ya san inda za ta ƙare, kafin ya fara tarawa.

Yadda za mu fara a makaranta

Mu ɗauka makaranta tana da ɗalibai 600, kowanne yana shan ruwan leda biyu a rana. Leda 1,200 ke nan kullum, 6,000 daga Litinin zuwa Juma'a. Ga matakan da ƙungiya za ta bi:

Na farko, a nemi izinin shugaban makaranta da malamin da zai sa ido.

Na biyu, a fara neman mai saye tukuna. A tambaye shi irin abin da yake karɓa da farashin kilo, domin tara kayan da ba mai so ƙara juji ne kawai.

Na uku, a ajiye buhu huɗu a bakin kowane rukunin azuzuwa, a rubuta wa kowanne sunansa: leda, gora, gwangwani, takarda.

Na huɗu, a zazzage ruwa da ƙasa, a shanya, a taka gorori su lotse don buhu ya ci da yawa.

Na biyar, a buɗe littafin lissafi. Nawa aka auna, nawa aka sayar, me aka saya, duk a rubuta a liƙa a allon sanarwa. Kuɗin na iya sayen tsintsiya, alli ko dashen itatuwa, takin kuma ya tafi lambun makaranta.

Gargaɗi

Kada wanda ya taɓa shara ba safar hannu, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Allura, fasasshiyar kwalba, batir da gwangwanin maganin ƙwari ba namu ba ne, a sanar da malami. Kada a bar darasi don tsintar gora. Kuma ƙarfen taga, murfin kwata ko wayar lantarki ba shara ba ne. Wanda ya cire su ya kai wa 'yan gwangwan sata ya yi, ya kuma ɓata sunan masu neman halal.

Aikin mako

Kowane aji ya tara ledar ruwan da ya sha a rana ɗaya, ya ƙirga. Kowane ɗalibi ya duba gindin robobi uku a gida ya rubuta lambobinsu. A miƙa sakamakon ga wakilin ƙungiyar 'yan jarida na aji kafin ranar Alhamis, za mu liƙa shi a wannan bango a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.