Darasi ga 'Yan Kasuwa: Riba a Littafi, Hannu Babu Komai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu hatsi da dillalai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, darasinmu na wannan karo a kan abu ɗaya ne: yadda mutum kan karye alhali sitonsa cike yake, littafinsa kuma na nuna riba.

Ku sani, dukiyar ɗan kasuwa kashi uku ce: kuɗi, da kaya, da bashin da yake bin mutane. Ba mu munka ƙago wanga rabo ba. Tun a zaure malamai sunka karantar da mu cewa mai jujjuya kaya, idan shekara ta zagayo, sai ya ƙirga kuɗinsa, ya yi wa kayansa ƙima, ya haɗa da bashin da yake sa ran za a biya, kana ya fid da zakka. Bashin da babu sa rai ba a ƙirga shi. To wanga lissafi na zakka, shi munka ga ya kamata a riƙa yi kowane mako, don kowace fitina da ta zo kashi ɗaya takan kama ta bar sauran.

Ku duba abin da munka gani da idonmu.

A Satumba 2021 anka yanke layukan waya a duk Zamfara saboda ɓarayin daji, anka rufe kasuwannin mako. Gusau ta yi kamar wata guda babu waya, wasu garuruwan sun fi haka daɗewa. Mai kuɗi a banki ya zama kamar mai rijiya ba guga.

A Oktoba 2022 Babban Banki ya ce zai sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Anka sa wa'adi 31 ga Janairu 2023, anka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsohon kuɗi an kai banki, sabo bai fito ba. Gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi sunka kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris ta yi hukunci a ci gaba da karɓar tsohon. Kafin nan ɓarna ta auku. Mu da kanmu mun tsaya a Tsafe, manomi ya kawo dawa, mun ce za mu tura masa ta waya, ya ce shi ba shi da asusu, ya ɗaure bakin buhunsa. Wani mai tsabar kuɗi ya saye ta a gabanmu da arhar da ba mu taɓa gani ba. Dattawa sunka ce haka anka yi a 1984, da gwamnatin soja ta sake launin kuɗi ta rufe iyaka. Mu lokacin muna yara da allo a hannu, ba mu ɗauki darasin ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 anka janye tallafin fetur, a watan Yuni naira ta faɗi. Kuɗin mota ya tashi, hatsi ya bi shi. Nan mai kaya ya ci, mai bin bashi ya sha kashi, don kuɗin buhu goma da ya bayar, ran da anka biya shi ba su sayen goma.

A Yuli 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashi ya yi ƙasa ƙwarai. Waɗanda sunka zuba jarinsu duka a sito suna jiran bazara, wasu ma da kuɗin mutane, sun san abin da ya same su.

Kun gani, fitina huɗu, kowace da inda ta sara. Babu kashin da ya tsira ko yaushe.

Ga misali da lissafi, farashin na kwatance ne kawai. Mutum na da jari naira 3,000,000. Ya sayi masara buhu 100 a kan 30,000. Ya ba 'yan awo buhu 40 bashi a kan 33,000, sai bayan wata. Littafi ya nuna riba 120,000, ya yi murna. Gari ya waye, ga direba, ga 'yan dako, ga la'adar dillali, ga hayar sito, ga cefanen gida, duka 150,000, aljihu babu ko kwabo. Dole ya kai buhu 6 ga mai tsaba, shi ko ya ga idonsa ya taya 25,000. Hasara 30,000 ke nan. In haka ta faru sau huɗu kafin wata ya cika, ribar nan ta tafi ƙaf, ko da 'yan awo duk sun biya ran da sunka ce. In ko ɗaya ya saɓa, an fara cin uwar kuɗi.

To mene ne magani? Ga abin da munka riƙe.

Na farko, kafin ka sayi buhu ko ɗaya, ƙirga abin da za ka kashe cikin mako huɗu ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ka ware shi. Ba jari ba ne, kada ka taɓa shi ko kaya sun yi arha kamar ƙasa.

Na biyu, wannan ajiya a raba ta, rabi a banki, rabi tsaba. Amma hanyar Tsafe da ta Bunguɗu kowa ya san halinsu, kada a yi yawo da kuɗi masu yawa, kada kuma a yi zancensu a rumfa.

Na uku, kada wa'adin bashin da ka bayar ya fi wa'adin wanda ka ci. In maigidanka na Dawanau ya ba ka mako biyu, kai ka ba ɗan awo kwana goma. Wanda ya karɓi mako biyu ya ba da wata, da kansa ya haƙa ramin.

Na huɗu, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa da shaidu ta sauka. Da ajami ko da boko, sa suna da adadi da rana. Kunyar rubutu ta raba zumunci fiye da rubutun.

Na biyar, kada a ci bashi don ajiyar kaka. In za ka ajiye, da naka, kuma ka riƙa saki kaɗan kaɗan. Mai jiran ƙarshen tsada shi kan haɗu da farkon arha, ga kuma alhakin ɓoye abinci mutane na yunwa.

Na shida, raba aljihun gida da na rumfa. Yanka wa kanka abin cefane na mako, ka tsaya a kansa.

Na bakwai, in ka ga ba ka iya cika alkawari, tafi ka gaya wa mai kaya kafin ranar. A Fabrairun 2023 wani abokin cinikinmu ya yi ta ɓuya sai da munka fid da rai. Wani ko ya zo da ƙafarsa ya ce ga rabin, a yi haƙuri da saura. Na biyun har yau muna ɗora masa kaya ba ko sisi. Mutunci ma jari ne, ga shi ba a sake masa launi.

Duk daren Alhamis, zauna da littafinka, ja layi uku: nawa a hannu, nawa a sito, nawa a waje. In na hannu bai kai kashewar mako huɗu ba, gobe ranar sayarwa ce da bin bashi, ba ranar saye ba.

Arziki na Allah ne, amma an umurce mu da riƙon sababi. Allah shi kawo mana zaman lafiya a Zamfara, shi sa albarka a kasuwa, shi raba mu da bashin da ba mu iya biya. Amin. Wassalamu.